Mutumin da Ya Iya Faɗuwa

"Ko'ina kika ce zan bi ki, Renske, amma ban da can."

Renske ta ɗago kai daga kwamfutar da ke kan teburin kicin ta dube shi. Shekara uku suna tare, Wessel bai taɓa ɗaga mata murya ba sai yau.

"Me ƙauyen ya yi maka?"

"Ba abin da ya yi mini. Sunansa ne bai kwanta mini ba."

"Suna?" Ta yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai zuci ba. "Zo ka gani da idonka."

Ta juyo masa da kwamfutar. Wata guda ke nan kullum tana buɗe kyamarorin da aka kafa a kan duwatsu tun kafin ta ɗora ruwan shayi, tana jiran dusar ƙanƙara ta sauka. Haka mutanen Holan suke. Ƙasarsu shimfiɗe take kamar faifai, ba su da tudun da zai gajiyar da akuya, amma tun ana tsakiyar zafi suke fara gardamar dutsen da za su je zamiya a kan ƙanƙara in sanyi ya zo.

"Duba nan, ciyawa. Nan kuma laka. Wannan har shanu ne suke kiwo a kan hanyar zamiyar. Ga Disamba ta raba, Wessel."

Ta danna na ƙarshe. Wani farin layi ya bayyana, ya taso daga kafaɗar dutse ya gangaro har bayan coci.

"Ƙauyen Larchenau kaɗai ke da ita."

Gaskiya ta faɗa. Mu mutanen Larchenau ba ma yarda sanyi ya tafi da kayansa duka. In hunturu ya zo ƙarewa sai mu tara dusar ƙanƙara a bayan coci, tuli guda kamar gida, mu lulluɓe ta da garin katako. Nan take kwana duk tsawon zafi. Kyanwoyi suna hawa kanta su sha sanyi. In ka kara kunnenka a jikin tulin a watan Yuli, za ka ji tana ɗiga a ciki a hankali, kamar tsohuwa tana magana cikin barci. Da shekara ta juyo sai mu yaye mata mayafi mu shimfiɗa ta a kan gangare, ko sama ta ba da sabuwa ko ta hana.

"Wa ya gaya miki labarin wurin?" in ji Wessel.

"Matar sabon ofishin tafiye-tafiyen nan na kusa da tasha. Mai kirki ce sosai. Da ta ga sunayenmu ta daɗe tana kallo, sai ta ce ta san gidan baƙin da zai dace da mu, gidan wata mata, Frau Burgl. Har ɗaki ta zaɓa mana."

"Yaya sunanta?"

"Annelot."

Kofin da ke hannunsa ya ƙwanƙwasa da bakin teburi, shayi ya zuba a kan yatsunsa. Bai ce ya ƙone ba.

"Mu bari sai baɗi, malamata."

Malamata yake kiranta, saboda a nan suka haɗu: a katafaren zauren sanyin nan na bayan gari, inda ake yin ƙanƙara da inji, ita kuma tana koya wa sababbi zamiya ranar Asabar. Ya shigo yana tangaɗi a kan allunan zamiyar da ke ƙafarsa kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu, ya faɗi a gabanta, ya ɗago yana murmushi ya ce a taimaki maraya.

"Baɗi?" Idonta ya kawo ruwa. Ta dafa gwiwarta ta dama, inda tabon aikin likita yake. "Shekara guda ban hau ƙanƙara ba. Yanzu likita ya yarda in gwada a hankali. A watan Mayu za a ɗaura mana aure... Wannan ɗaya na roƙe ka, Wessel. Ɗaya."

Ya daɗe yana kallon farin layin nan.

"To," ya ce. "Mu je."

*

Mama Hilke, mahaifiyar Renske, ba ta taɓa son Wessel ba, ba ta kuma taɓa ɓoyewa ba.

Ranar da Renske ta je yi mata sallama, ta same ta tana zuba miyar wake mai kauri a kwalba don guzuri.

"Da ɗalibin naki za ki?"

"Mama, mijin da zan aura ne."

"Na ji. Shekara uku yana koyo. Jikar maƙwabciyata a mako biyu ta iya, ita da ko haƙoranta ba su gama fitowa ba."

"Kowa da irin kansa."

Mama ta ɗaure bakin kwalbar da ƙarfi.

"Ni dai na bi marigayi babanki duwatsu har gashina ya yi fari, na ga masu faɗuwa iri-iri. Mai koyo ba ya sanin lokacin da zai sha ƙasa. Wannan naki sai ya duba inda ya fi laushi tukun."

"Kai, Mama..."

"Kuma duk Janairu ya ce ya tafi baje kolin injinan walda a Jamus. Ya dawo fuska a ƙone, zagayen idonsa fari fat."

"Tabarau ɗin walda ne. Ya gaya miki."

"Ya gaya mini." Mama ta miƙa mata kwalbar. "Bara ma ya tafi, ya bar ki a kujerar nan da sanduna biyu, ni nake kai ki banɗaki."

"Aiki ne."

"Ki kula da gwiwarki, 'yata. Guda ɗaya ta rage miki mai kyau."

Renske ta fita ba ta waiwayo ba. A mota ta yi kuka kaɗan, ta share kafin Wessel ya gani.

*

Suka iso Larchenau da yamma, rana tana shirin ɓuya a bayan dutse.

A ƙofar gidan Frau Burgl akwai wani tsohon kare, Barli, mai ido ɗaya. Ba ya tashi don kowa. Limamin coci kansa tsallake shi yake yi. Amma da Wessel ya fito daga mota, sai karen ya ɗaga hanci, ya miƙe da ƙyar, ya tako yana kaɗa wutsiya har ya jingina kansa da gwiwar baƙon yana wani kuka ƙasa-ƙasa.

"Ka ga ikon Allah," in ji Renske. "Har karnuka son ka suke."

"Ƙamshin tsiran da na ci a hanya ne."

Frau Burgl ta fito tana goge hannu da rigar girki. Mace ce mai yawan magana, wadda takan rungume baƙo tun bai ajiye jaka ba. Ranar nan sai ta tsaya ƙiƙam, tana kallon bayan kunnen Wessel.

"Sannunku da zuwa... baƙi. Ɗakinku yana sama."

Matakalar gidan tana da duhu, kuma a tsakiyarta akwai wani gungumen katako da ya sauko ƙasa sosai. Duk sabon baƙo sai ya gaisa da shi da goshi. Renske ta gaisa da shi har ta ga taurari.

Wessel, da ke gabanta ɗauke da jakunkuna biyu, ya sunkuya ya wuce bai ko ɗaga ido ba.

Ta tsaya tana murza goshi tana kallon bayansa. Wani abu ya taɓa zuciyarta, ta ture shi.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi mata daɗi. Kowace safiya suna can ƙasan gangare, inda ba tudu sosai, tare da sauran masu koyo. Ita tana zamewa da baya, tana riƙe da sandunansa, shi yana biye da ita ƙafafu a wawware.

"Kada ki sake ni, malamata."

"Lanƙwasa gwiwa. Ka daina kallon ƙafarka, kalle ni."

"Ai kallon ki ne yake kayar da ni."

Sai ya faɗi, ta yi dariya, ta miƙa masa hannu. Lokaci-lokaci takan ɗaga kai ta dubi saman dutse, inda gwanaye suke gangarowa suna ta da farar ƙura. Can take a da. Tun da ta same shi ta sauko nan ƙasa, ba ta taɓa yi masa gori ba.

*

Muna da wata al'ada kuma. Duk baƙon da ya zo mana hunturu goma a jere, ba fashi, sai mu karrama shi. Ranar Alhamis da la'asar ake yi, a dandalin gaban coci. 'Yan badujala su busa, a raba ruwan inabi mai zafi, magajin gari ya maƙala wa mutum wata 'yar lambar azurfa mai siffar furen dutse a ƙirji.

Renske ce ta ja shi.

"Zo mu kalla mana."

"Kaina yana ciwo."

"Iska za ta warkar da shi. Taso, rago."

Suka tsaya a baya. Wessel ya ja hularsa har gira. Aka kira wasu tsofaffi mata da miji daga Beljiyam, aka tafa. Aka kira wani likitan haƙori. Sai magajin gari ya gyara murya ya faɗaɗa murmushi.

"Saura masoyanmu, waɗanda kowa ya sani. Tun suna 'yan makaranta suke zuwa ɗaki ɗaya a gidan Burgl. Hunturu goma cif da na bana. Annelot Verbraak... da Wessel Dijkhuis!"

Badujala ta ɗauka.

Renske ta juya tana shirin yi masa dariyar an samu mai irin sunansa. Sai ta ga fuskarsa.

Wata mace mai jar riga ta fito daga cikin taro, tana tafiya a natse. Matar ofishin tafiye-tafiye ce. Ta karɓi lambarta, ta karɓi tasa, ta ratso mutane har gabansu.

"Ga taka, Wes. Ka sha wahala kafin ka same ta."

"Annelot, don Allah..."

"Sannu, Renske. Ɗakin ya yi miki? Tagar tana ɗan maƙalewa, sai an ɗaga ta sama kafin a tura. Shi ya sani."

Wani tsohon mai koyar da zamiya, wanda ruwan inabi ya fara yi wa aiki, ya daki kafaɗar Wessel.

"Shaho! Ashe kai ne ka ɓuya a cikin hula? Ni fa na ce na ga mai kama da kai a filin masu koyo yana birgima, na ce idona ne ya tsufa."

Frau Burgl ta rufe bakinta da hannu.

"Ya buga mini waya ya roƙe ni in yi shiru," ta ce da Renske. "Ban san an kai sunansa ba, 'yata. Wallahi ban sani ba."

"Ni na kai," in ji Annelot.

Renske ba ta dube ta ba. Wessel take kallo.

"A jere ya ce."

"Bari in yi miki bayani, abar ƙaunata."

"Goma a jere. Mu kuma shekararmu uku." Ta ƙirga da yatsunta. "Baje kolin Jamus."

Ya kawar da kai.

"Bara ma? Ina kan sanduna?"

"Bara na zo ne in gaya mata mun rabu. Na rantse miki."

"Ya gaya mini kuwa," in ji Annelot. "Ranar ƙarshe, muna haɗa kaya. Sauran kwanakin bai samu sarari ba."

Ta kamo hannun Renske, ta saka mata lambar a tafi, ta naɗe yatsunta a kai.

"Ba don ina son ya dawo na yi ba. Ni dai ba zan zama ni kaɗai ce wawuya ba."

Ta juya ta tafi. Badujala tana ta busa, don ba wanda ya gaya musu su tsaya.

Renske ta kwana a ɗakin ɗinkin Frau Burgl. Barli ya rasa ƙofar da zai kwanta a bakinta, ya kwanta a tsakiyar matakala.

*

Da gari ya waye, abin da ta yi wata guda tana jira ya zo.

Dusar ƙanƙara ta sauka. Ta rufe rufin coci, ta rufe motoci, ta rufe laka da ciyawa. Duniya ta yi tsit, kamar an toshe mata kunne da auduga.

Renske ta sami Wessel a ɗakin ajiye takalma, zaune, bai yi kama da wanda ya runtsa ba.

"Saka takalmanka."

"Renske..."

"Ba na haya ba. Naka na gaskiya. Frau Burgl ta nuna mini su, ga su can a lungu da sunanka a jiki."

Suka hau kujerar igiya mai kai mutane saman dutse. A ƙarƙashinsu itatuwa sun sunkuya da nauyin fari.

Ni nake tsaron tashar sama a lokacin, shi ya sa abin da aka faɗa a can na ji shi da kunnena.

Suka tsaya a bakin gangaren da ya fi kowanne tsayi, wanda ba wanda ya riga ya taka.

"Ranar farko wasa ne," in ji shi. "Na gan ki a zauren nan, na rasa yadda zan yi miki magana, sai na faɗi. Kika yi dariya. Na ce gobe zan gaya miki. Gobe ta zo, kika riƙe hannuna... Kullum in na zo faɗa sai in ga yadda kike murna in na iya wani ɗan abu. Na kasa."

"Ita fa?"

"Sabo ne. Mako ɗaya a shekara. Nan kaɗai nake iya... nake iya sakin jikina a kan dutse."

"Saboda a wurina a ɗaure kake."

"Ba haka nake nufi ba."

"Tambaya ɗaya zan yi maka." Ta dafa gwiwarta. "Bara, a Disamba. Da ka taho ta bayana ka faɗo kaina, ƙafata ta karkace, na ji ƙarar abin da ya tsinke a ciki. A asibiti kana kuka, ni ina lallashinka. Ina ce maka ba laifinka ba ne, mai koyo ba ya iya tsayawa."

Iska ta ɗebo ƙanƙara ta watsa musu.

"Kana iya tsayawa, Wessel?"

Ya sunkuyar da kai.

"Kana iyawa?"

"So na yi mu faɗi tare ki rungume ni. Kamar kullum. Ban zaci ƙafarki za ta maƙale ba."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ba ta yi kuka ba. Na so a ce ta yi.

"Likita ya ce ba zan ƙara sauka irin wannan gangaren ba har abada. Ka sani, kana wurin." Ta nuna masa farin da ke gabansu. "Sauka in gani."

"In na sauka za ki yafe mini?"

"Sauka dai. Shekara uku ina koya maka, ina so in ga abin da na koyar."

Ya dube ta, ya ja tabarau ya rufe idonsa, ya tura.

Na daɗe a kan dutsen nan, ban ga mutane da yawa masu sauka haka ba. Bai yi kama da mai zamiya ba, ya yi kama da ruwan da ya san hanyarsa. Ya karkata dama, ya karkata hagu, ƙanƙara tana tashi a bayansa kamar fuka-fuki. Sawun da ya bari ya yi kyau kamar zanen alkalami.

Renske tana kallo har ya zama ɗigo.

"Ya iya," ta ce, ba da ni take ba. "Ya fi ni ma, lokacin da nake da ƙafa."

Sannan ta cire allunanta ta rungume su.

"Baba, tsayar mini da kujera. Ƙasa zan koma."

A wurinmu mai zamiya ba ya komawa ƙasa a kujera, sai in an ji masa ciwo. Na tsayar mata.

Ina kallonta tana tafiya ita kaɗai, duk sauran kujerun suna hawowa cike da masu dariya. Da ta zo daidai bayan coci, inda muke tara tulinmu, sai na ga ta cire safar hannu. Wani abu ya ƙyalla sau biyu a iska. Zoben baikonta da lambar nan. Ko ƙara ba su yi ba.

A tashar ƙasa yana tsaye yana jiran ta, yana haki, fuskarsa ta yi ja.

"Malamata..."

"Ba ni da ɗalibi a nan."

Ta raɓa shi ta wuce tana ɗan ɗingishi. A ƙofar gidan Frau Burgl ta ciro waya.

"Mama."

"Na'am, 'yata. Muryarki fa?"

"Ƙanƙara ta sauka, Mama."

Mama Hilke ba ta ce ai na gaya miki ba.

"Hau jirgin ƙasa ki taho. Zan jiƙa wake."

Wessel ya yi kwana biyu yana tona bayan coci da hannu. Sama kuwa ta ci gaba da zubowa, abin da ya tona da safe ta mayar kafin azahar. Daga baya ya tafi, bai ƙara zuwa ba. Annelot ma haka. Barli ya koma kwanciyarsa, ba ya tashi don kowa.

Da hunturu ya ƙare muka tara ƙanƙarar wurin, muka lulluɓe ta da garin katako kamar yadda muka saba. Zoben yana ciki. Duk shekara in an yaye tulin nakan zo in tsaya ina dubawa, ban taɓa ganin sa ba.

Ita ce dai na sake gani, bayan wasu shekaru, a filin masu koyo, tana zamewa da baya riƙe da sandunan wata tsohuwa mai farin gashi da ke ta mita.

"Lanƙwasa gwiwa, Mama."

"Na lanƙwasa. Ke dai kada ki sake ni."